SANDAR PROSPERO: MALAMI NE KO AZZALUMI?

Ya ku 'yan makaranta, da ku ke na gwamnati da ku ke na mishan, mun san da yawa daga cikinku an ba ku wasan nan na William Shakespeare wanda a ke kira The Tempest, watau Guguwar Teku, ku karanta. Mun kuma san abin da a kan faɗa muku a kansa, domin magana guda ce ta ke yawo daga wannan aji zuwa wancan. A kan ce muku Prospero dattijo ne mai ilmi da haƙuri, an zalunce shi ya yafe, sihirinsa fari ne mai tsarki, Ariel bara ne mai biyayya, Caliban kuwa dabba ce mai butulci wadda ba ta san alheri ba. Yaro ya hardace wannan, ya zuba shi bisa takarda ran jarrabawa, ya ci, ya wuce. To, mu dai ba mu yarda da wannan karatu ba, muna kuwa ganin cuta ce a bar ku da shi. Za mu kawo hujjojinmu daga cikin littafin kansa, kowa ya buɗe nasa ya duba ko mun yi wa tsohon ƙage.

Da fari sai ku san zamanin da aka yi wasan. An nuna shi a fadar Sarki James na Ɗaya na Ingila ran 1 ga Nuwamba, 1611, ba a kuwa buga shi ba sai 1623, bayan mutuwar Shakespeare da shekara bakwai, sa'ad da abokan aikinsa biyu suka tattara wasanninsa 36 cikin littafi guda, suka sa wannan a farko. Shi Sarki James ba ya ɗaukar sihiri abin wasa. Tun yana sarautar Sikotilan kaɗai, cikin 1590, hadari ya taso wa jirginsa yana komowa daga Danmak da amaryarsa, aka ce matsafa ne suka ta da shi, aka kama mutane da yawa, shi da kansa ya zauna ya tuhumi waɗansu, aka kashe waɗansu daga cikinsu. Cikin 1597 ya wallafa littafi a kan aljanu da matsafa. Cikin 1604 majalisar Ingila ta yi doka, ta ce wanda duk ya kira mugun aljani, ko ya yi alkawari da shi, ko ya sa shi aiki, ko ya tone gawa daga kabari don tsafi, hukuncinsa kisa ne. To, gaban wannan sarki ne aka buɗe wasa da boka yana ta da hadari don ya farfasa jirgin wani sarki. Wanda ya ce mutanen da suka zauna kallo a daren nan sun ɗauki Prospero waliyyi tun daga farko, lalle bai san mutanen ba.

Masu kare Prospero su kan ce ai sihiri iri biyu ne a wurin malaman wancan zamani. Akwai na ƙazanta, irin na Sycorax uwar Caliban, wadda aka kora daga birnin Aljaza'ir saboda mugun aikinta, akwai kuma na littafi, wanda a ke samu da tsawon nazari, irin wanda John Dee, masanin lissafi da taurari na zamanin Sarauniya Elizabeth, ya ce yana nema. Mun ji, gaskiya ne malaman sun raba su haka. Amma tambayarmu ita ce, Shakespeare ya raba su? Ku duba kashi na biyar, inda Prospero ya ke lissafa ayyukan da ya yi da sandarsa kafin ya rabu da ita. Ya ce ya dushe rana da tsaka, ya haɗa teku da sama faɗa, ya tumɓuke manyan itatuwa, har ya buɗe kaburbura ya ta da waɗanda ke kwance ciki. Wannan jawabi Shakespeare ya aro shi ne daga littafin Ovid, mawaƙin Rumawa, a can kuwa mai faɗinsa Medea ce, matsafiyar da ta fi kowa mugun suna cikin labarun mutanen dā. Duk ɗan makarantar Ingila na lokacin ya karanta Ovid, ya kuwa san bakin wa aka ɗauko maganar. In da marubucin yana so ya wanke Prospero fes, me zai sa ya sa masa kalmomin mayya a baki, ya kuma sa shi alfahari da taɓa matattu, abin da dokar ƙasa ta ke kashe mutum a kansa?

Mu koma ga asalin tafiyarsa. Prospero shi ne mai sarautar Milan a ƙasar Italiya. Da bakinsa ya gaya wa 'yarsa Miranda cewa ya jingine al'amuran ƙasa, ya danƙa wa ƙanensa Antonio, shi ya shige ɗakin littattafai yana neman asirai. Antonio ya koyi naɗawa da tuɓewa, ya mai da fadawa nasa, sa'an nan ya haɗa kai da Alonso Sarkin Nafuli, ya yi masa alkawarin gaisuwa kowace shekara, aka buɗe ƙofar gari da dare, aka ɗauke Prospero da jaririyarsa aka zuba su cikin ruɓaɓɓen kwalekwale. Ba mu ce Antonio ya yi daidai ba, maci amana ne, ba wanda zai wanke shi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talakawan Milan suna son Prospero, shi ya sa ma maƙiyansa ba su iya kashe shi a fili ba, shi kuwa ya saka musu da barinsu a hannun mugu domin ya sami sukunin karatunsa. Farkon zunubin da ke cikin wasan ke nan, ba safai kuwa a ke nuna muku shi a aji ba.

Da ya isa tsibiri sai ya juye gaba ɗaya. Mutumin da ya ƙi duba ƙasa guda, sai ga shi ba ya barin ko numfashin mutum uku ya fita ba da izninsa ba. Ku ɗauki Ariel. Sycorax ta ɗaure shi cikin tsagar itace shekara goma sha biyu don ya ƙi yi mata aikin ƙazanta, ta mutu ta bar shi yana kuka a ciki, Prospero ya zo ya fid da shi. Alheri ne wannan, ba musu. Amma me ya biyo baya? Ya riƙe shi yana yi masa bauta har shekara goma sha biyu, daidai da kwanakin da ya yi cikin itacen. Ran da Ariel ya gama aikin hadari, ya tuna wa ubangidansa cikin ladabi cewa an yi masa alkawarin rage masa shekara guda, sai Prospero ya hau shi da zagi, ya ƙirga masa alherin da ya yi masa, ya ce dole ne kowane wata ya riƙa tuna masa da shi, daɗa ya ce in ya ƙara gunaguni zai tsaga wani itace wanda ya fi na fari tauri, ya cusa shi ciki ya yi wata shekara goma sha biyu yana ihu. To, jama'a, ku auna. Kurkukun mayya itace ne na shekara goma sha biyu, barazanar malami ma itace ne na shekara goma sha biyu. Ina bambancin farin sihiri da baƙi a wurin wanda za a cusa? Dukan abin mamakin da a ke yaba wa Prospero, da wutar da ta kama jirgi, da waƙar da ta ja Ferdinand, da abincin da ya ɓace gaban mayunwata, Ariel ne ya yi su. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Sai Caliban, wanda a kansa ne gardamar ta fi zafi. A tsibirin aka haife shi, Prospero ya tarad da shi a nan. Caliban ya ce da baƙon ya zo ya yi ta shafa shi, ya ba shi ruwa mai 'ya'yan itace, ya koya masa sunan rana da wata, shi kuwa don ƙauna ya zaga da shi ya nuna masa idon ruwa mai daɗi, da ramukan gishiri, da ƙasa mai albarka, da fako. Prospero bai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya kwana ya tashi mai gida, mai gida kuwa ya koma ɗan itace.

A nan masu kare Prospero su kan miƙe su ce, ai kun ɓoye laifin Caliban. Ba mu ɓoye ba. Ya nemi ya keta mutuncin Miranda, da aka tuna masa kuwa bai nuna nadama ba, sai ma ya yi dariya ya ce da ma abin ya yiwu. Babban laifi ne, kowane uba yana da hakkin ya tsare 'yarsa, ya kuma nisanta mai laifin daga gidansa. Amma ku lura da irin hukuncin. Prospero shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne dogari, shi ne kuma ya ci tarar, tarar kuwa ita ce tsibirin duka da ƙarfin jikin mai laifin har abada. Da Miranda ta ce ba ta son ko ganinsa, uban ya amsa mata cewa ba su iya zama ba shi, don shi ke hura musu wuta, shi ke ɗebo itace, shi ke yin ayyukan da su ke amfana da su. Ashe dai akwai riba cikin wannan shari'a. Hukuncin da alƙali ya ke ci daga gare shi kullum safiya, yaushe zai ce ya ƙare? Abin da ke riƙe da Caliban kuwa ba wani abu ba ne sai azaba, da murɗar ciki da dare, da mintsinin aljanu, da bushiyoyi a kan hanyarsa. Shi da kansa ya faɗa a gefe cewa dole ya bi, don ƙarfin sihirin ya fi ƙarfin gunkin uwarsa.

Shakespeare bai ƙago wannan daga iska ba. Cikin 1609 wani jirgin Ingila mai suna Sea Venture, yana kai mutane sabon mazauninsu a Bajiniya ta Amurka, ya faɗa cikin hadari ya fashe a tsibiran Bamuda. Aka fid da rai da su, sai ga su sun ɓullo cikin 1610 a ƙananan jirage biyu da suka sassaƙa da hannunsu. Labarinsu ya cika Landan, masana kuwa sun daɗe da gane sawunsa cikin wasan. Haka kuma jawabin tsoho Gonzalo, inda ya ke mafarkin ƙasa wadda babu alƙali, babu ciniki, babu bawa, an ɗauko shi ne daga rubutun Montaigne, Bafaranshe, a kan mutanen Barazil, wanda aka juya da Ingilishi cikin 1603. Watau marubucin yana sane sarai da tambayar da ke gaban mutanen zamaninsa, wadda ita ce, in ka sauka ƙasar wani da ilmin da ba shi da shi, me ya halatta gare ka? Bai amsa ta da wa'azi ba, amma ya ba Caliban baki ya kawo ƙararsa, ya kuma sa masa waɗansu baitoci mafi daɗi cikin wasan, inda ya ke siffanta sautunan tsibirin da mafarkin da ke sa shi kuka in ya farka. Ba a ba dabba irin wannan harshe.

Ko 'yarsa ba ta tsira daga sandar ba. Shekara goma sha biyu bai gaya mata ko ita wace ce ba. Ran da ya ga dama ya faɗa mata, da ya gama kuwa, yana so ya gana da Ariel, sai ya sa mata barci da sihiri. Shi ya jawo Ferdinand ɗan Sarkin Nafuli gabanta, shi ya yi murna a ɓoye da suka kamu da son juna, shi ya ɗora wa yaron ƙaryar leƙen asiri, ya sandare masa hannu, ya sa shi jidar gungume don kada ya sami yarinyar da araha, sa'an nan ya laɓe yana sauraron zancensu. Soyayyar yaran gaskiya ce, amma auren shawara ce ta mulki, domin da shi ne jikokin Prospero za su hau gadon Nafuli. Ba banza ba ne aka nuna su a ƙarshe suna buga darar Turawa. Su ma kansu 'ya'yan dara ne a hannun tsohon.

Yanzu mu tambaya, duk wannan iko me ya saya masa? Ya iya ɗaure jiki, ya iya ruɗa ido, ya iya haukata sarki, amma bai iya juya zuciya ko guda da sanda ba. Caliban ya yi shekaru yana shan azaba, ran da ya sami dama kuwa sai ya ƙulla yadda za a kashe shi yana barcin rana, ya kuma ba abokan shirinsa shawara su fara ƙwace littattafan, don in babu su tsohon ba kome ba ne, aljanun ma duk ƙinsa su ke yi. Antonio kuwa, yana taka tsibirin ya shiga zuga Sebastian ya kashe wansa Alonso, kamar yadda shi ya yi wa nasa wan. A ƙarshen wasa, da aka ce an yafe masa, bai buɗe baki ya ce ya tuba ba. Hali zanen dutse. Alonso kaɗai ya yi nadama, shi ma abin da ya karya shi zaton da ya yi ɗansa ya nutse. Tun a fitowa ta farko ma an yi mana ishara, inda shugaban matuƙa ya daka wa manyan fadawa tsawa, ya ce su koma ciki, igiyar ruwa ba ta san sunan sarki ba.

Hujja mafi ƙarfi a hannun abokan gardamarmu ita ce gafarar da ya yi, ba kuwa za mu raina ta ba. Mutum ya sami maƙiyansa a tafin hannu ya sake su, abu ne mai wuya. Amma wa ya tuna masa? Ariel ne, bawan nan da aka yi wa barazana da itace, ya zo ya ba shi labarin hawayen Gonzalo, ya ce in da shi ɗan Adam ne da ya ji tausayinsu. Sai a nan Prospero ya ji kunya, ya ce iska ta ji tausayi, shi mai jini da nama ya kasa? Kāna ku duba yadda gafarar ta zo. Ya karɓi sarautarsa tukuna, ya kira ƙanensa da munanan sunaye cikin numfashin da ya ke yafe masa, ya kuma raɗa wa Antonio da Sebastian cewa ya san ƙullin da suka yi wa sarki, amma ba zai tona ba a yanzu. Wanda aka ce masa a yanzu, ya san igiya tana wuyansa.

Abin da mu ke yaba masa da gaske guda ne, ya ce zai karya sandar ya binne ta, ya nutsad da littafin cikin teku, ya kuwa saki Ariel. Wannan aiki shi ne babban shaidarmu. In da sihirin tsarkakakke ne, me ya sa ba zai tafi da shi Milan ya gyara ƙasa da shi ba? Shi da kansa ya kira shi aiki mai kaushi. Ya gane cewa ba a zama cikin mutane da irin wannan iko, domin wanda ba mai iya ce masa a'a, ba ya sanin ran da ya kauce. A jawabinsa na rufewa sai ga shi tsaye ba sanda ba alkyabba, yana roƙon 'yan kallo su sake shi, su yi masa addu'a. Mai ɗaure mutane ya koma mai neman a kwance shi. Darajar Prospero tana cikin awa guda ta ƙarshe, kada a shafa ta bisa shekara goma sha biyun da suka gabace ta.

Akwai kuma waɗanda suka ja abin zuwa ɗaya gefen. George Lamming na Babados ya yi rubutu a kan Caliban cikin 1960, Aimé Césaire na Matinik kuwa ya sake tsara wasan da Faransanci cikin 1969, ya mai da Caliban baƙin bawa mai neman 'yanci. Sun buɗe wa duniya ido, sun cancanci yabo. Amma muna gargaɗinku kada ku haɗa Caliban ɗinsu da na Shakespeare. Na Shakespeare, da ya tashi tawaye, sai ya durƙusa wa Stephano, mashayin da ke riƙe da giyar sarki, ya lashi takalminsa, ya kira shi ubangiji don ya ɗanɗana masa kwalba, yana ta rawa yana kiran 'yanci alhali sabon ubangida kawai ya yi. An guje wa gara an faɗa wa zago. Ko da ya ke ya fi abokansa hankali, don sa'ad da Stephano da Trinculo suka tsaya wawason tufafin ƙyalƙyali da aka rataya musu tarko, shi ya ce su bar tarkacen su yi abin da ya kawo su, duk da haka darasinsa mai ɗaci ne. Waɗanda suka karanta labarin a taƙaice cikin littafin Charles da Mary Lamb na 1807 ba za su ga wannan ba, don an zubad da Stephano da Trinculo a can. Ku nemi cikakken wasan.

Me ya sa muka dame ku da wannan duka? Don ku ne masu littafi. Gobe waninku zai zama akawu, wani malami, wani alƙali, wani likita, za ku kuwa zauna gaban mutanen da ba su iya karanta takardar da ke hannunku ba. A idonsu alƙalaminku sanda ce irin ta Prospero, da ɗigon tawada a ke ba mutum gona, da shi a ke raba shi da ita. In an koya muku tun kuna yara cewa mai ilmi yana da ikon mallakar marar ilmi muddin niyyarsa kyakkyawa ce a ganinsa, to, an koya muku zalunci da sunan adabi. Kowane azzalumi yana da labarin alherin da ya yi, yana kuwa ƙirga shi kowane wata.

Saboda haka in malaminku ya ce ku siffanta halin Prospero, ku faɗi iliminsa, da zaluncin da aka yi masa, da ƙaunarsa ga 'yarsa, da gafararsa, don duk suna nan cikin littafin. Amma ku faɗi itacen Ariel, ku faɗi idon ruwan Caliban, ku kawo kashi da fitowa inda kuka gan su. Malamin kirki ba zai rage muku maki don kun kawo hujja ba. Ku kuma, 'yan'uwanmu malamai, ku bar yara su yi wa tsohon nan shari'a da kansu, kada ku yanke musu hukunci tun ba su buɗe shafin farko ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma tsare na ƙasa da mu daga sharrinsa. Amin.